Taken Alhaji Sanni

Awalu ya kaɗa wa Tijani taken Alhaji Sanni, ranar Asabar da hantsi, a gaban mutane.

Mamunatu ce ta kawo labarin. Ta iske Zuberu Mai Goge, malamin Awalu, zaune a zaurensa a Aboabo, cikin Kumasi, yana murza wa yatsunsa man kaɗanya saboda sun fara ƙin lanƙwasuwa. Ita zabiya ce, a hannunsa ta koyi waƙa, shi ya sa ba ta shiga zauren da takalmi, ba ta kuma zama sai ya ce ta zauna. Ranar ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba, daga sunan ɗan Tijani nake."

"Allah ya raya."

"Amin. Awalu ne ya yi goge."

"Ni na ba shi izini. Na ce ya kaɗa na masu jego, da na mahauta in sun zo."

"Ya kaɗa su. Daga nan sai ya ɗauko na Alhaji Sanni."

Zuberu ya daina murza yatsun.

"Alhaji ya dawo ne?"

"Ina fa! Tijani aka kaɗa wa. Ya fito da babbar riga, mata na guɗa. Inda ake cewa Sanni na Rakiatu, sai Awalu ya ce Tijani na Adizatu."

"Har uwar ya sauya?"

"Har uwar."

"Ke fa? Kin amsa masa?"

"Ni? Wallahi bakina na kama. Na ce haƙori ke damuna."

"Da ciwon kunne kika ce, da kin fi kusa da gaskiya. Zauna."

Ta zauna. Shi kuwa ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya sake komawa.

Take ba waƙar biki ba ce da za a yi wa duk wanda ya fito da sabuwar riga. Na mutum ɗaya ne. Da shi ake kiransa, da shi ake tarbarsa, idan an ji shi daga nesa an san wane ne ke tafe tun kafin a gan shi. In mai shi ya mutu sai a ajiye. In ya yi tafiya sai a jira. Haka Zuberu ya tarar, haka ya koyar shekara arba'in, kuma babu wanda ya zauna a tabarmarsa ya tashi bai san wannan ba. Abin da Awalu ya yi ba kuskure ba ne. Ɗaukar kayan wani ne a ba wani da rana tsaka.

Uban Zuberu Bazamfare ne, fataucin goro ya kawo shi Salaga, can ya auri uwarsa. Yana ɗan shekara tara aka miƙa shi ga wani makaɗi, Is'haƙa, mutum mai ƙarancin magana da saurin hannu. Shekara uku Zuberu yana ɗaukar masa goge daga wannan gari zuwa wancan, bai taɓa ɗora izga a kan tsagiya ba. Ranar da ya gwada a ɓoye, Is'haƙa bai doke shi ba. Cewa ya yi ya rera da baki abin da yake so gogen ya faɗa. Ya kasa. Is'haƙa ya ce, "To me za ka gaya masa?" Wannan tambayar Zuberu ya sauko da ita Kumasi yana saurayi, kuma a kanta ya gina koyarwarsa duka.

Wanda ya zo wurinsa koyon goge, ba ya ganin goge. Murya ake fara gyarawa. Sai ya kai mutum bakin injin niƙa na Asawase, ya tsayar da shi a wannan gefen titi, shi ya tsallaka wancan, ya ce ya rera. In bai ji ba, a sake. In mutum ya yi ihu, a sake, don ihu na mai tallan kifi ne. Yana so murya ta taso daga ciki ta ratsa ƙarar injin ba tare da jijiyar wuya ta fito ba. Wasu a nan suke gudu, kuma bai taɓa bin kowa ba. Wanda ya tsaya sai ya shiga amshi, shekara biyu ko fiye, yana bayan ƙwarya yana sauraro. Bayan nan ya haɗa gogensa da hannunsa: ya zaɓi ƙoƙo, ya jeme fatar guza, ya nemo gashin wutsiyar ingarma, ban da na goɗiya, don fitsari yana cinye shi. Ko a nan ma, duk abin da yatsa zai taɓa sai baki ya fara rera shi daidai. Sai an wuce wannan duka ake shiga taken gidaje, kowane da sunayen iyaye da kakanni.

Darasi ɗaya ya rage bayan wannan, shi ne yadda ake yi wa mutum sabon take. Mutum uku kawai Zuberu ya taɓa kaiwa nan. Ba a zaure ake koyonsa ba. Bin mutum ake yi kwana arba'in, a ga yadda yake taka ƙasa, yadda yake amsa gaisuwa, inda yake tsayawa a magana. Alhaji Sanni yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, jaki ne ya harbe shi yana yaro a hanyar Kintampo. Zuberu ya sa ɗingishin a cikin taken. A bugu na uku gogen yakan ɗan dakata, kamar mai jiran ƙafa ta iso, sannan ya ci gaba. Ranar da Alhaji ya fara ji, dariya ya yi har hularsa ta faɗi, ya ce, "Zuberu, ka tona mini asiri." Shekara ashirin da shida ana kaɗa masa shi.

Sai ga dokar baƙi a ƙarshen shekarar da ta wuce. Aka ce duk wanda ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Zango, unguwar baƙi, ya tashi. Mutanen da aka yanke wa cibiya a Kumasi suka hau lori zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Zuberu ya tsira saboda uwarsa 'yar Salaga ce, 'yar ƙasa, dangi suka tsaya masa. Almajiransa na goge su shida ne a lokacin. Biyar suka tafi, har da biyun da suka rage cikin ukun da suka iya yin take, don na ukun ya riga ya rasu. Awalu kaɗai ya saura, makanike a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, mai mata da 'ya'ya biyu, shekara bakwai yana zuwa zauren duk Alhamis da Lahadi bayan la'asar.

Alhaji Sanni ma ya tafi. Da safe ya fito da iyalinsa, Zuberu ya tsaya a ƙofar gidan ya kaɗa masa takensa tun daga soro har bakin lori. Alhaji bai waiwaya ba, amma ya taka shi daidai, ƙafa da ƙafa. Makullan gida da na shago ya bar wa Tijani amana. Tijani yaronsa ne, shekara goma sha biyar yana ɗaure masa huhun goro, mutumin Walewale, ɗan ƙasa, don haka doka ba ta shafe shi ba. Kafin wata biyu ya koma ɗakin Alhaji na sama. Ya zauna a kujerarsa. Zuberu ya ji duk wannan bai ce komai ba, don gida ba nasa ba ne. Take kuwa nasa ne. Shi ya yi shi.

Mamunatu ta ce, "Baba, ka bi a hankali. Shi kaɗai ya rage maka. Ka dubi hannunka."

"Na gan shi. Kullum da shi nake kwana."

"In ka kore shi, wa za ka ba?"

Ya dubi hannun. Yatsun nan ba za su kai wata shekara bakwai ba, balle ya ɗauki sabon mutum daga bakin injin niƙa. In Awalu bai karɓi darasin ƙarshe ba, to da Zuberu za a binne shi.

Lahadi bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma biyu kamar kullum. Awalu bai zo ba.

Litinin da safe Zuberu ya sa rigarsa ta fita, ya hau mota zuwa Kejetia, daga can ya hau wata zuwa Suame. Tun da yake bai taɓa zuwa wurin almajiri ba, almajiri ke zuwa wurinsa. Magazin ta tarbe shi da ƙarar guduma da warin baƙin mai. Ya ratsa tsakanin gawarwakin motoci yana tattare riga, yana tambayar rumfar Masta Awalu, har aka nuna masa wata tsohuwar lori da ƙafafun mutum suka leƙo daga ƙarƙashinta.

Ya taɓa tafin ƙafar da sandarsa.

Awalu ya jawo jiki ya fito. Da ya ga ko wane ne sai ya durƙusa nan cikin mai, sifana a hannu.

"Baba! Sannu da zuwa. Ai da ka aiko, da na zo."

"Da ka zo jiya, da ban taso ba."

"Aiki ne ya riƙe ni."

"Ranar Lahadi? Lorin ce ba ta zuwa coci?"

Wani mai walda a rumfar kusa ya tuntsire da dariya. Awalu ya jawo benci ya goge da gefen rigarsa. Zuberu ya ƙi zama.

"Tambaya ɗaya na zo da ita. Tijani yana ɗingishi?"

"A'a, Baba."

"Jaki ya taɓa harbinsa?"

"A'a."

"To da ka zo bugu na uku ka dakata, ƙafar wa kake jira?"

Awalu ya sunkuyar da kai.

"Kai nake tambaya. Ko ka cire dakatawar?"

"Ban cire ba. Yadda ka koya mini na kaɗa."

"Yadda na koya maka! Ni na koya maka ka cire Rakiatu ka sa Adizatu? Matar nan na san ta. Ta ba ni tuwo da hannunta. Tana kwance a maƙabartar Tafo, ɗanta yana can wata ƙasa yana kwana a rumfar wani, kai kuma ka tsaya a ƙofarsa ka ba wani sunanta. Shekara bakwai! Na tsaya a rana a Asawase ina sauraron kukanka kamar na ɗan akuya har ya zama murya. Don wannan na yi?"

Masu aiki sun fara rage bugun guduma. Awalu ya miƙe, ya ajiye sifanar a kan tayar lorin.

"Baba, in yi magana?"

"Yi."

"Take ashirin da uku ka koya mini. Goma sha tara masu su sun hau lori. Biyu suna kwance ba sa fita. Wa zan kaɗa wa? Kwaɗon ƙofa? In na je biki, na masu jego, na mahauta, shi ke nan, sai in tsaya ina kallon mutane suna kallona. Tijani ya ce in yi masa take. Na ce ban iya ba. Ya ce shekara bakwai ban iya ba? Mutane suka yi dariya. Baba, sau nawa na roƙe ka? Bara ka ce sai baɗi. Bana ka ce hannuna bai nuna ba. Yaushe zai nuna? Sai Zango ya ƙare?"

Maganar ta sami Zuberu. Gaskiya ne ya ja lokaci. Hannun Awalu ya nuna tun bara, ya sani, amma Is'haƙa ya riƙe shi shekara tara, sai ya ga bakwai ta yi kaɗan. Bai faɗi wannan ba. Ya zauna a bencin da ya ƙi ɗazu.

"Rashin iya sabo ba ya halatta maka na wani. Da sai ka ce ba ka iya ba, ka sha dariyar, ka dawo gida. Ni na sha wadda ta fi ta."

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba tukuna. Saurara. Alhamis za mu fara. Darasin da kake nema, zan ba ka shi duka, ba zan rage komai ba. Amma kafin nan za ka koma ƙofar gidan, da rana, lokacin da 'yan goro suke zaune. Ka ce taken da ka kaɗa ranar Asabar na Alhaji Sanni ne ɗan Rakiatu, ka yi kuskure, ba za ka ƙara ba. A gaban mutane ka bayar, a gaban mutane za ka karɓo."

Awalu ya dubi mai waldar, ya dubi sauran. Ya matso kusa da bencin ya tsuguna, ya rage murya.

"Baba, akwai abin da ba ka sani ba. Ka san ubana Bamoshe ne, daga Wahiguya, can ƙetaren iyaka. Ni a Moshi Zango aka haife ni, amma ba ni da takarda ko ɗaya. Satin da aka yi kame, motar 'yan sanda ta tsaya a nan, daidai inda kake zaune. Sun riga sun sa ni a ciki. Tijani ya zo karɓar lorin Alhaji da nake gyarawa. Shi ya ce musu ni ɗan yayarsa ne daga Walewale. Ya rantse. Ya bi ni har ofis ya sa hannu. Yau a takarda Tijani kawuna ne."

Zuberu ya dube shi. Wata biyu mutumin nan yana zuwa zaurensa, yana zama a tabarmarsa, bai taɓa faɗa masa ba.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka, da ka ce in je in faɗi gaskiya in hau lori."

"Ƙarya kake yi mini."

"Baba, ka ce ba haka za ka ce ba."

Zuberu bai ce ba. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wato da ya fito da kai daga mota, sai ya ɗaure ka a ƙofarsa. Ya ci gida, ya ci shago, ya ci kujera, bai ƙoshi ba sai ya haɗa da sunan uwar mutum. Mai ɗaurin huhu! Ni na san shi yana cin ragowar wake da shinkafa a bayan shago."

"Baba, a hankali. Akwai kunnuwa."

"Su ji! Wanda bai ji ba a gaya masa."

Ya yi numfashi. Ya dubi yatsunsa a kan sandar, ya dubi na Awalu, baƙaƙe da mai, dogaye, masu ƙarfi. Irin hannun da malami ke samu sau ɗaya ko biyu a rayuwa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya rage farashin maganarsa da kansa.

"To ji. Ba kai kaɗai za ka je ba, tare za mu. Ni zan fara magana. Zan ce wa Tijani zan yi masa take nasa na kansa, da hannuna, wanda ba a taɓa kaɗa wa kowa ba. Zan bi shi kwana arba'in, ko da yake ganin tafiyarsa ma ɓata mini rai yake yi. Kai kana gefena, kana ganin abin da nake gani. Darasin ke nan. Ya sami take, ka sami sana'a. Wane mutum ne Zuberu zai yi wa take ya ce an wulaƙanta shi? Abu ɗaya kawai, kai da bakinka za ka mayar wa Alhaji nasa."

"Ba nasa yake so ba, Baba. Na Alhaji yake so. Ya ce in aka kaɗa shi 'yan goro miƙewa suke yi tun kafin su tuna wa ke zuwa. Ranar Asabar sun miƙe. Ya gani."

"Ƙafafunsu ne suka miƙe wa Sanni."

"Shi bai damu da wa suka miƙe wa ba. Kuma ya ce Juma'a in zo in raka shi daga masallaci da taken."

"Ka ce masa me?"

Awalu ya juya ya dubi lorin.

"Ka ce masa me, Awalu?"

"Baba, matata Zuleha cikin wata bakwai gare ta. Ban san kowa a Wahiguya ba. Ko yaren ban iya sosai ba. Kalma ɗaya Tijani zai faɗa a ofis, ya ce ya duba ya ga ba ɗan yayarsa ba ne."

"Ba zai faɗa ba. In ya faɗa, ya kama kansa da rantsuwar ƙarya."

"Shi ɗan ƙasa ne. Faɗa za a yi masa. Ni lori za a sa ni."

Zuberu ya dogara da sanda ya tashi. Gwiwarsa ta yi ƙara. Ya gyara rigarsa, ya ga baƙin mai ya taɓa gefenta, ya ƙyale.

"Na zo da ƙafata, abin da Is'haƙa bai taɓa yi mini ba. Na ba ka abin da ban ba kowa ba. Ban iya koyar da mutumin da zai ɗauki take daga kan mai shi ya ɗora wa wani ba, don gobe wanda na koya maka yi ma haka za ka yi da shi. Laraba da hantsi ina ƙofar gidan Alhaji. Zan tsaya har azahar. Za ka zo?"

Awalu yana tsugune har yanzu. Ya ɗauko tsumma ya goge hannunsa, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago ya dubi malaminsa a ido, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara bakwai.

"Baba, ka yafe mini. Ba zan je ba."